Tagar da ke Bayan Mutane: Kwana Biyu a Zariya da Tsofaffin Hotuna Uku

Hotuna uku ne suka kai mu Zariya, ni da Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu. Biyu baƙi-da-fari ne, ɗaya mai launi, kuma babu wanda aka rubuta wa kwanan wata a bayansa. Mutanen da ke ciki kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage da za a iya zuwa a dafa shi ne bangon da suka tsaya a gabansa, da tagar da ke jikin bangon. Duk wanda ya daɗe a sana'ar hoto ya san cewa idan aka kawo tsohon hoto ana tambayar inda aka ɗauke shi ko shekarar, ba a fara da fuska. Fuska tana ruɗi, 'yan gida ɗaya kan yi kama, jika ya ɗauko kakansa sak. Taga kuwa tana da zamaninta: tsayinta daga ƙasa, faɗinta, abin da aka ɗora a kanta, da abin da aka rufe ta da shi.

Hotunan asali ba su bar Kano ba, kuma ina ba duk mai niyyar irin wannan tafiya shawarar ya bar nasa a gida. Hannu goma za su karɓa, da gumi da man shafawa, wani ya lanƙwasa kusurwa, wani ya nuna fuska da farce. Na sa kowanne a sikana a kan ɗigo 600 a kowane inci, ƙaramin cikinsu wanda bai wuce tafin hannu ba na kai shi 1200. Daga nan na buga kwafi biyu-biyu a takarda A4: ɗaya hoton gaba ɗaya, ɗaya kuma tagar kaɗai an faɗaɗa ta. Wannan na biyun shi ya fi amfani, domin idon tsoho ba ya ganin abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Wanda ba shi da sikana ya shimfiɗa hoton a inuwa kusa da bakin ƙofa, ya kashe filasha, ya riƙe waya daidai saman hoton ba a karkace ba. In ta karkace taga mai kusurwa huɗu za ta fito kamar bakin kwando, awo ya lalace. Ɗaya daga cikin namu ya manne da gilashin firam saboda danshin damina. Irin wannan ba a ɓamɓare shi, fuskar hoton za ta bi gilashin ta bar takarda fara. Da gilashin aka ɗauke shi.

Mun tashi daga tashar Unguwa Uku bayan sallar asuba, a tsakiyar hunturu, hazo ya rufe gonakin Kura da Kadawa. Kwanar Ɗangora, Tashar Yari, sai ga Kwangila cikin kamar awa biyu. Daga nan a-daidaita-sahu ya ɗauke mu ta Sabon Gari, muka haye Kubanni, muka ratsa Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka. Mai lura da tagogi a wannan hanya kamar yana karanta littafi ne daga shafin ƙarshe. A bakin gari tagogin alminiyon ne masu zamewa, da gilashi mai duhu. Gaba kaɗan sai masu yanka-yankan gilashi da ake ɗagawa da ɗan hannu, waɗanda kafintoci ke kira luba. Sai masu ƙyauren katako biyu da fentin da ya koɗe. Da aka shiga birni, a lungunan da ginin ƙasa bai gama faɗuwa ba, sai 'yar kafa kawai can sama da kan mutum. Hotunanmu uku sun faɗa cikin waɗannan zamunna, saboda haka muka fara da mafi tsufa.

A hoton farko maza bakwai ne da yara uku, an jera su gaban bangon ƙasa. Gefen takardar yankan haƙori-haƙori ne, irin wanda masu hoto ke yi a shekarun 1950 da 1960. Sama da hular wanda ke tsakiya akwai baƙar kafa mai kusurwa huɗu, a kanta kuma kawunan azara uku sun ɗan leƙo daga yaɓe, ta tsakiyar ta karkata hagu. Gwaggo ta san unguwar, amma rabonta da gidan ya haura shekara arba'in, lungunan sun sauya, zaurukan da take ƙirgawa da su an mayar da wasu shaguna. Ba mu shiga yawon ƙwanƙwasa ƙofofi ba. Wurin mai unguwa muka fara, muka gaishe shi da goro, Gwaggo ta faɗi sunan kakanmu da sana'arsa. Ya haɗa mu da yaro, ya kuma ce a biya a ɗauko wani dattijo, tsohon magini, wanda ya yi yaɓe a yawancin gidajen layin. Wannan mataki yana rage wahalar yini guda. Haka kuma namiji kada ya je shi kaɗai. Ko da gidan kakansa ne, waɗanda ke ciki yau ba su san shi ba, kuma gida ba-shiga ne. Mace ce ke fara shiga, ta yi bayani, a kimtsa, sannan a ce ya shigo.

Dattijon ya karɓi takardar da aka faɗaɗa, ya nisanta ta da fuskarsa, ya ce da Zazzagancinsa, "Tagan nan na shigifa ne, ba na waje ba ne." Na ce, "Baba, ta yaya ka gane?" Ya nuna ƙasan hoton: babu dakali, babu kwata, ƙasar a share take, ga gindin randa a kusurwa. Wato a farfajiyar da ke tsakanin zaure da shigifa aka ɗauka, inda baƙo namiji ke iya kaiwa ya tsaya. Mai hoto na wancan lokaci, da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyallen da yake lulluɓa, iyakarsa ke nan. Ga kuma dalili na biyu: ɗakin soro duhu gare shi, fim ɗin lokacin yana son rana. Shi ya sa a tsofaffin hotunanmu da wuya ka ga mutum a cikin ɗaki yana kallon waje ta taga. Kullum daga waje ake ganin tagar, a bayan mutane, baƙa ƙirin.

Da muka shiga farfajiyar sai na ɗauka mun yi ɓatan kai. A hoton tagar tana sama da hular dogon mutum da kusan taƙi biyu. Wadda ke gabanmu kuwa daidai goshina take. Nan ne mutane da yawa ke juyawa su ce ba gidan ba ne. Tagar ba ta sauko ba, ƙasa ce ta hau. Kowace damina bango na zubar da yaɓe, titi na tasowa da ɓaraguzan gini da shara, masu gida kuma su yi ciko don kada ruwan layi ya kwararo musu. A shekara sittin ana iya samun cikon kamu guda ko fiye. Shaidar tana bakin ƙofar shigifa: yanzu sai an sauka mataki biyu kafin a taka daɓen ɗakin. Don haka ba a awo daga ƙasa. Daga sama ake yi, daga rawanin soro ko bakin indararo zuwa kan taga, domin su ba sa motsi sai in an rushe rufin. A hoton, tsakanin indararo da kusurwar taga ya yi faɗin tagar sau uku. Na sa tef: faɗin taga santimita 25, daga indararo zuwa kusurwarta 76. Dattijon ya ɗan kankare siminti da bakin wuƙa bisa izinin mai gidan, sai ga kawunan azara uku, ta tsakiya a karkace hagu.

Na tsaya na tambaye shi yadda ake fitar da irin wannan taga, domin masu yin ta sun kusa ƙarewa. Bangon tubali ne, curin ƙasa mai siffar ƙwai da ake busarwa a rana, a jera shi tsini sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai ciyawa. Gindin bango ya fi kauri, yana sirancewa yayin da yake hawa, kuma da rani ake yi, ana barin kowane layi ya sha iska kafin a ɗora wani. In an kai inda ake son taga sai a tsallake tubali ɗaya ko biyu, a ci gaba da hawa layi biyu, sannan a gitta gajerun azara a kai, kowane kai ya shige bango aƙalla taƙi guda. Azarar giginya ake so, gara ba ta cin ta da sauƙi. Doguwar azara ba ta ɗaukar nauyin rufi in tazara ta wuce kamar ƙafa shida ba tare da tallafi ba, shi ya sa ɗakunan da ba su da baka ko ginshiƙi suke da ƙunci. A kan taga kuwa guntaye sun isa. Sai a shafe cikin kafar da hannu, a bi bangon waje da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya zame. Wasu kan gitta sanduna biyu a ciki saboda mage da tsuntsu. Da sanyi a toshe da tsumma ko guntun tabarma.

Ba a cika fitar da ita a bangon gabas ba. Hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa, ruwan yana dukan bangon a karkace, ƙurar hunturu ma daga arewa maso gabas take zuwa. Tamu kudu take kallo. Kaurin bango a wurin santimita 40 ne, tsayin kafar 30. Wannan lissafi shi ne sirrin sanyin ɗakin: ko a watan Disamba da rana ta fi karkata kudu, da tsakar rana tana sama sosai, haskenta a leɓen tagar yake sauka, ba ya ratsawa ya taɓa daɓe. Haske na shiga, rana ba ta shiga. Iska mai zafi da hayaƙin fitila kuma suna taruwa a sama, su fita ta nan. Ga sutura: mai wucewa ba ya ganin ciki. Ina ganin duk wanda ya kira wannan taga rashin wayewa bai taɓa kwana a ɗakin soro a watan Afrilu ba.

Abin da ke kashe irin wannan bango yau abu biyu ne, kuma duka mun gan su a gidan. Na farko siminti a kan ƙasa. Siminti ba ya numfashi. Danshi ya shiga ta tsaga ko ya taso daga gindi, ya rasa mafita, ƙasar ciki ta ruɓe, wata rana fallen simintin ya ɓallo gaba ɗaya da rabin bango. In ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar ganga, ya riga ya rabu. Na biyu faɗaɗa taga. A ɗakin da ke kusa an fasa bango an sa firam ɗin ƙarfe mai ƙafa uku ba tare da an gitta sabuwar azara ko an zuba linta ba. Tsaga biyu sun tashi daga kusurwoyin sama sun nufi rufi, firam ɗin ya lotsa har ƙyauren ba ya rufuwa.

Duk wannan bayani da ake yi Gwaggo ba ta ce uffan ba. Tana tsaye da kwafin hoton, ba ta kallon mahaifinta da ke zaune a tsakiya, baƙar kafar take kallo. Can ta ce, "Ɗan nan, ai muna ciki." Ranar walimar saukar karatun yayansu ce, tana 'yar shekara tara ko goma. An hana mata fitowa saboda baƙi. Sai Inna, kakarmu, ta sa aka mirgino turmi aka kife a ƙarƙashin tagar, ta hau tana leƙe, tana ba sauran labari: ga mai hoto ya shige cikin ƙyalle, ga Malam, mahaifin Gwaggo, ya gyara hula, ga wane ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Kishiyarta na riƙe da ƙafafunta kada turmin ya goce. Daga baya aka ɗaga yara mata ɗaya bayan ɗaya su ma su gani. Shekara da shekaru hoton nan yana rataye a ɗakinmu muna ƙirga mutum goma, ashe sun fi haka. Kakarmu ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba har ta rasu, kuma wannan baƙar kusurwa ita ce wuri ɗaya tak a duniya da aka san tana ciki lokacin da aka danna.

Na san abin da zuciya ke raya wa mutum a nan, domin ni ma na koma kan kwamfuta na buɗe hasken wurin iyakar buɗewa. Babu komai sai ƙwayoyin fim. Ina roƙon masu irin wannan hoto su guji manhajojin waya da ke cewa suna gyara tsohon hoto. Ba tono abin da ke ɓoye suke yi ba, ƙirƙira suke yi: su ga duhu su zana ido da hanci, su sauya wa tsoho kamanni, su mayar da azara ƙarfe. In an yi wasa da su, a ajiye asalin sikanin daban, kada a bari na jabun ya zagaya dangi har ya zama shi aka sani.

Shekarar hoton kuwa daga baki biyu muka same ta. Tsofaffin Zariya da sarauta suke ƙirga lokaci. Gwaggo ta ce ƙarshen zamanin Sarki Ja'afaru ne, kafin Aminu ya hau, shi kuwa Ja'afaru ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1959. Inuwa ta ba da lokacin shekara. Zariya tana kusan daraja 11 arewa da tsakiyar duniya, rana na bi ta tsakar ka sau biyu, wajen 19 ga Afrilu da wajen 24 ga Agusta. Tsakanin waɗannan ranaku inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa, sauran shekara kuma arewa. A hoton inuwar mutanen ta kwanta a bayansu wajen bangon da ke kallon kudu, wato arewa ta nufa. Ba a tsakiyar damina aka ɗauka ba ke nan. Ga yaran da riguna biyu-biyu, ga leɓunansu a bushe. Hunturu ne, irin wanda muka zo a cikinsa.

Azahar a masallacin Juma'a na ƙofar fada muka yi ta, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, a shekarun 1830 zuwa 1840. An lulluɓe tsohon ginin da sabo na siminti, amma bakunan ƙasa na ciki suna nan. Mai son ya ga iyakar abin da tubali da azara ke iyawa ya shiga ya ɗaga kai.

Hoto na biyu Tudun Wada ne, ranar suna: Gwaggo tana amarya mai haihuwar fari, zaune a kujera da jariri, bayanta taga mai ƙyauren katako biyu a buɗe, da sandunan ƙarfe biyar a tsaye, rufin kwano ya leƙo daga sama. Irin wannan taga ta zo ne da kafinta da ƙusa da katakon da jirgin ƙasa ke haurowa da shi daga kudu, tun bayan da dogo ya iso Zariya ya wuce Kano a 1911. Ta fara a Sabon Gari da gidajen ma'aikata, ta bazu Tudun Wada, daga baya ta shiga birni. Ta sauko daidai ƙirjin mutum, ta yi faɗin ƙafa biyu zuwa uku, tana da sakata daga ciki. Cutarta gara da ruwa: ƙasan firam ne ke fara ruɓewa inda ruwa ke kwanciya, ƙyaure ya saki ya riƙa jan ƙasa, da damina katakon ya kumbura ya ƙi rufuwa, da hunturu ya tsuke ya bar kafa.

Ginin bulo ya fi sauƙin awo, domin bulo ma'auni ne da kansa: tsawonsa inci 18, tsayinsa inci 9, in an haɗa da simintin tsakani kowane layi ya kusa inci 10. Inda filasta ta zube a hoton ana ganin layi huɗu daga ƙasa zuwa leɓen taga. Gidan an sayar da shi tuntuni, ɗakin ya zama kanti. Mun gane shi ne da ramukan sanduna biyar da suka rage a saman firam, an zare sandunan, an kafa katako a leɓen ana miƙo sukari da ashana ta nan. Gwaggo ta yi murmushi ta ce tagar ba ta sauya sana'a ba. Ta nan take miƙa wa yaran makwabta ƙuli-ƙuli da dakuwa su kai talla, ta nan take karɓar kuɗin, kwabo da sisi da sule, kafin naira ta zo a farkon 1973. Ta ce agogonta biyu a ɗakin: kukan jirgi daga tasha, da hasken da ke bin sandunan yana zana layuka a daɓe, in layukan suka kai ƙafar gado, lokacin ɗora tukunyar dare ya yi. Mai kantin ya bar mu muka ɗauki hoto, muka sayi sabulu muka wuce.

A nan ne kuskuren ɗaukar hoton kwatanci ya fi fitowa. Kyamarar waya mai faɗin gani ce. In ka matso kusa don taga ta cika hoton, bango zai kumbura, abin da ke nesa ya ƙanƙance, ba zai hau kan tsohon ba. Kyamarorin wancan zamani ba su da wannan faɗi. A danna maɓallin 2x, a ja da baya, a riƙe kwafin a hannu ɗaya ana gwadawa har gefen taga da gefen rufi su zauna inda suke a tsohon. A kuma lura da tsayi: masu hoto da yawa na wancan zamani daidai cibiya suke riƙe kyamara suna leƙawa ta samanta, don haka in ana ganin ƙarƙashin kwano sosai a tsohon hoto, sai a durƙusa. Ni sai da na ja baya taku tara, na sauke waya daidai cibiya, sannan layukan suka haɗu.

Na uku bai ba mu wahalar nema ba, domin babu abin da za a samu. Hoto ne mai launi da ya rine ya koma ja-ja, kamar yadda hotunan shekarun 1970 da 1980 ke yi idan shuɗin cikinsu ya riga sauran launuka gudu. Yara biyar ne da kayan sallah a barandar wani gidan ma'aikata a Samaru, garin da ya cika da irin waɗannan gidaje bayan buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Bayansu luba ce mai falle takwas a kowane ɓangare, tsayinta kusan ƙafa huɗu, falle na uku daga ƙasa ya fashe an sa kwali. Luba ta yi tashe sosai bayan kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, a 1975, lokacin da ma'aikaci ya sami abin sayen siminti da kwano da gilashi. Tana ba da iska fiye da kowace taga, kusan duk faɗinta a buɗe yake. Amma ƙarfen da ke riƙe gilashin yana saki, ana iya zare falle daga waje ba ƙara, shi ya jawo ƙarafan tsaro da ragar sauro a bayanta. Ƙurar hunturu kuma ba ta jin an rufe. Wurin da gidan yake yanzu bene ne na ɗakunan haya. Abin da ake yi a irin wannan hali: gidajen ma'aikata a jere ake gina su da zubi ɗaya, sai a nemi ɗan'uwansa da ya tsira a layin. Mun samu na huɗu daga kwana, da lubarsa falle takwas. Na ɗauka, na rubuta a ƙasa cewa makwabcinsa ne, ba shi ba ne, don kada jikoki su zo su riƙe abin da ba haka ba. Na kuma adana alamar wurin a taswirar waya.

Mun kwana a Tudun Wada. Washegari da hantsi Gwaggo ta ce a mayar da ita birni, jiya daga waje kawai ta ga tagar. Matan gidan suka kwashe buhunan da aka tara a ɗakin shigifar. Daga ciki tagar tana nan a tsayinta na asali, kusan mita biyu daga daɓe, domin ciko bai shigo nan ba. A ƙasa da ita, hannun dama, ga alkukin da ake ajiye fitilar aci-bal-bal, har yanzu samansa baƙi ne da hayaƙi.

Ɗaukar hoto a irin wannan ɗaki yana da ƙa'ida. In mutum ya tsaya tagar na bayansa, waya za ta auna hasken tagar, fuska ta zama gawayi; in ka taɓa fuskar a allo don ta yi haske, tagar ta ƙone ta zama farin tabo. Filasha kuma tana kashe ɗakin gaba ɗaya, bango ya fito fayau kamar na asibiti. Sai a zaunar da mutum a gefe, hasken ya sauko masa a kafaɗa da rabin fuska, wani ya riƙe farin mayafi a ɗaya gefen don ya mayar da haske kan inuwar. Hasken kaɗan ne, hannu zai girgiza hoton, don haka na jingina wayar a kan kujera 'yar tsugunne da bulo a bayanta, na sa ta jira daƙiƙa uku kafin ta ɗauka, na ce Gwaggo ta riƙe numfashi. Sau shida na ɗauka, biyu suka fito tsaf.

Da muka gama ta tambayi matar gidan ko akwai turmi. Aka mirgino, aka kife a ƙarƙashin tagar. Gwiwoyinta ba za su hau ba, sai ta kira wata yarinya 'yar gidan mai kamar shekara tara, ta riƙe mata ƙafafu da hannu biyu. "Me kike gani, 'yar nan?" Yarinyar ta ce tankin ruwa, da akuya, da wani mutum tsaye a bakin zaure. Gwaggo ta ce, "To nan Malam ya zauna, inda akuyar take."

A mota, bayan mun wuce Tashar Yari, na juya kwafin hoton farko na ciro fensir. Da fensir ake rubutu a bayan hoto. Tawadar biro tana ratsa takarda ta ɓullo a fuska bayan 'yan shekaru. Na rubuta sunayen maza bakwai da yara uku daga hagu zuwa dama, yadda ta faɗa. Sannan na ja layi, na rubuta "waɗanda ke bayan taga". Ta lissafo Inna, da abokiyar zamanta, da wata gwaggonsu da ta zo daga Soba don walimar, da yara mata uku har da ita kanta. Ta ce akwai ta bakwai, wata makwabciya mai kitso, sunan ya ɓace mata. Na bar gurbin a buɗe. Muna shiga Kura ta dafa hannuna ta faɗe shi.